Gado mai hawa biyu ko mai aljihu: wanne ya dace da ƙaramin ɗakin yara?

"Assalamu alaikum. Muna zaune a gidan haya a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, kuma muna da ƙaramin ɗaki guda da muke so mu ware wa yaranmu maza biyu, babban yana da shekara 8, ƙaramin yana da 4. Na auna ɗakin: tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2 da rabi, daga ƙasa zuwa silin mita 2 da santimita 60. Rufin kwano ne, taga ɗaya ce, akwai fankar sama a tsakiya. Maigidana yana son a yi musu gado mai hawa biyu irin na makarantun kwana, ni kuma hankalina bai kwanta da shi ba. Wane irin gado da kayan ajiya za mu sa wanda ba zai cinye ɗakin ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin kyauta da kika auna ɗakin kafin ki yi tambaya, domin mafi yawan masu zuwa wurin aikina na kafinta hoton gado suke nuna mini a waya, idan na tambaye su girman ɗakin sai su ce "ɗan madaidaici ne". Abin da kike nema, idan na fahimce ki, shi ne wurin kwanan yara biyu da wurin ajiye tufafinsu da littattafansu a cikin ɗakin da bai kai murabba'in mita 8 ba, kuma kina son sanin ko gado mai hawa biyu ne mafita. Amsata a taƙaice ita ce, a wannan ɗakin, da waɗannan shekarun na yaranki, ba zan yi miki gado mai hawa biyu ba. Gado mai aljihu zan yi miki, wato gado ɗaya wanda ake jawo wani daga ƙarƙashinsa da dare a mayar da shi da safe. Amma maigida yana da hujjarsa, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta, saboda haka bari mu bi lissafin a hankali.

Lissafin fili

Mita 3 sau mita 2 da rabi ya ba mu murabba'in mita 7 da rabi. Katifar mutum ɗaya da aka fi samu a kasuwa tana da faɗin santimita 90 da tsawon 190, idan kuma aka yi mata gado, katako ko ƙarfen gefe zai ƙara mata kaɗan, ya zama kamar 96 da 198. Gado ɗaya ke nan yana cin kusan murabba'in mita 2. Idan aka sa biyu, kowanne a jikin bango, rabin ɗakin ya tafi, abin da zai rage a tsakaninsu ɗan lungu ne mai faɗin santimita 58, wanda babban mutum ba zai iya durƙusawa a ciki ya yi shara ba, balle yara su shimfiɗa tabarma su yi karatu. Ga kuma ƙofa, wadda idan ciki take buɗewa tana neman nata santimita 80. Saboda haka maigida ya yi gaskiya da ya ga cewa gado biyu a ƙasa ba za su yiwu ba. Inda muka rabu da shi shi ne inda za a kai gado na biyun: shi yana son a ɗaga shi sama, ni ina son a tura shi ƙasa.

Dalilin da ya sa nake nauyaya wa filin ƙasa haka shi ne yadda yaranmu suke rayuwa. Yaro a nan ba a kan gado yake wuni ba. A ƙasa yake zama ya ci abinci, a ƙasa yake buɗe littafin lakwal, a ƙasa yake riƙe allonsa ya yi tilawa, a ƙasa yake shimfiɗa abin salla idan ya fara koyo. Duk kayan da za a shigar ɗakin yaro, tambayar farko da nake yi a kansa ita ce, nawa zai ci daga wannan filin, kuma me zai biya a madadinsa?

Abin da ya hana ni ba ki shawarar hawa biyu

Abu na farko zafi ne. Iska mai zafi sama take tashi, kwano kuma yana shan rana tun hantsi ya riƙa sakin zafinsa cikin silin har bayan isha'i. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake wuce 40 a garin nan, ki hau kujera da dare ki ɗaga hannu kusa da silin, sannan ki sauko ki taɓa daɓen siminti. Bambancin da za ki ji shi ne bambancin kwanan yaron sama da na ƙasa. Makarantun kwana da ake kwaikwayo ɗakunansu dogaye ne masu tagogi ta ɓangarori biyu, iska tana ratsawa. Ɗakinki taga ɗaya gare shi, ranar da aka ɗauke wuta kuma fanka ta tsaya, wanda yake sama shi zai fara saukowa. Na taɓa yi wa wani magidanci irin wannan gado, mai kyau, na jan katako, bayan kamar shekara ɗaya ya kira ni gyaran ƙofa. Da na leƙa ɗakin yaran sai na tarar hawan sama an jibga masa akwatuna biyu da buhun tsofaffin tufafi da wata fanka da ta lalace, na ƙasa an ninke katifarsa, yaran kuma tabarmarsu tana jingine a bakin ƙofa, domin tun shigowar bazara a tsakar gida suke kwana. Kuɗin gado ya biya, rumbu ya samu.

Na biyu, wanda ya fi tsorata ni, fankar ce. Fankar sama da aka fi sakawa a gidaje faɗinta daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike santimita 120 ne ko 140. Mu ɗauki ta 140 a tsakiyar ɗaki mai faɗin 250: fiffikenta yana zuwa har santimita 55 daga bango, gadon kuma ya fito santimita 96 daga bangon. Ke nan kusan santimita 40 na gadon sama suna ƙarƙashin fiffike kai tsaye. Ta fuskar tsayi kuma, katifar sama tana kaiwa kamar mita 1 da rabi daga ƙasa, fanka tana saukowa santimita 30 ko 40 daga silin, wato tana juyawa a kan mita 2 da santimita 20 ko 30. Yaro ɗan shekara 8 idan ya zauna, kansa ya kusa kaiwa can. Idan ya durƙusa ko ya ɗaga hannu yana cire riga, ya shiga cikinta. Duk gidan da aka nace sai na yi hawa biyu a ɗaki irin wannan, sharaɗina na farko shi ne a cire fankar sama a sa ta bango mai keji, nesa da gadon, a gidan haya kuwa wannan sai da yardar wanda ya ba ku hayar.

Na uku shekarun ƙaramin. Ƙa'idar da masu ƙera gadaje a Turai da likitocin yara a Amurka suka yi ittifaƙi a kanta ita ce kada yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a hawan sama. Za a ce ai babban ne zai kwana a sama, amma duk wanda ya reni yara maza ya san inda aka kafa tsani, ƙanen zai hau, kuma zai hau ne lokacin da kike madafa. Faɗuwa daga mita 1 da rabi a kan siminti ba ƙaramin abu ba ne ga kan yaro ɗan shekara 4.

Sai na huɗu, wanda masu sayen gado suke mantawa da shi sai damina ta sauka, wato sange, gidan sauro. Daga Yuli zuwa Oktoba sauro ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a Maraɗi, musamman unguwannin da suke kusa da gulbi ko inda ruwa yake kwanciya, kuma yara ƙanana su zazzaɓin cizon sauro ya fi kayarwa. Gado mai hawa biyu yana buƙatar sange biyu, na ƙasan ba shi da inda za a ɗaura shi sai jikin gadon sama, na saman kuma tsani yana hana a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa yadda ya kamata, yaron da ya sauko fitsari cikin dare kuma ba zai tsaya gyara shi ba. Sangen da bakinsa yake buɗe ado ne kawai. Ni a wurina, a ƙasar nan, gadon yaro ana zana shi ne daga sange zuwa ƙasa: a fara sanin yadda sangen zai rataya ya rufe, sannan a ƙera gadon da zai shiga cikinsa.

Yadda mai aljihun zai kasance

Babban gadon ya ɗauki katifa mai 90 da 190, a jingina shi da bango mai tsawon mita 3, a bar masa sarari a ƙarƙashi na kamar santimita 28. Aljihun wani faffaɗan akwati ne marar zurfi mai ƙananan tayoyi, yana ɗaukar katifa mai 80 da 180, kaurinta kada ya wuce santimita 10 ko 12. Masu sayar da soso suna yanka shi daidai awon da aka ba su, tela ya ɗinka masa riga. Da rana ɗakin gado ɗaya gare shi, an bar wa yara fili mai faɗin fiye da mita 1 da rabi a tsawon ɗakin duka. Da dare a jawo aljihun, ƙaramin ya kwanta a kansa, tsayinsa daga ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba, ko ya gangaro ba abin da zai same shi, kuma yana kusa da sanyin daɓe. Babban sangen nan mai kusurwa huɗu da ake rabawa, mai tsawon 190 da faɗin 180, yana rufe katifun biyu tare idan an jera su, shi ya sa na rage faɗin ta ƙasan zuwa 80, domin a samu abin cusawa. Ƙusa huɗu a bango ko igiya biyu da aka ja daga bango zuwa bango sun isa rataye shi. Ga kuma wata fa'ida da iyaye suke so: kowane yaro da shimfiɗarsa daban, wanda ya dace da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara 10, babban naki kuwa saura masa shekara biyu.

Akwai abubuwa uku da nake so ki tsaya a kansu idan kin je wurin mai aikin. Tayoyin su zama masu tafiya gaba da baya kawai, ba masu juyawa ko'ina ba, domin masu juyawa suna karkatar da aljihun ya riƙa cije ƙafar gado. Kuma su zama na roba mai ƙarfi, huɗu ko shida. Gindin katifa, na sama da na ƙasa, a yi shi da sandunan katako jere da tazarar yatsu uku a tsakaninsu, kada a shimfiɗa faifai guda rufe ruf, saboda soso yana buƙatar iska ta ƙasa, ɗan shekara 4 kuma bai gama rabuwa da fitsarin kwance ba. Wannan shi ne babban aibin gado mai aljihu, kuma ba zan ɓoye miki shi ba: katifar da aka tura ƙarƙashi da danshi tana wari, tana yin baƙi, a damina har ta yi fumfuna. Maganinsa a sa mata rigar leda a ƙarƙashin zanen gado, a bar aljihun a waje awa ɗaya bayan yara sun tashi, a riƙa fitar da katifar rana ko da sau ɗaya a mako. Na ukun, gadon ya zama mai kwancewa, an haɗa shi da noti, ba wanda aka manne ko aka yi wa walda gaba ɗaya ba. Gidan haya kuke, ranar tashi tana zuwa, kuma gadon da ake kwancewa shi ne ake iya fitarwa rana a wanke lungunansa idan kuɗin cizo ya shiga.

Ƙarfe ko katako

A nan ra'ayina ya canza da shekaru. Kafinta ne ni, da katako na tashi, amma ga gadon yara a gidan haya na fi karkata ga firam na ƙarfe da sandunan katako a kai. Katakon da muke aiki da shi ba na ƙasar nan ba ne, daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, inda iska take da laima. Idan ya iso bai gama bushewa ba aka yi aiki da shi, hunturu ɗaya ya isa ya tsotse shi, ya ja jiki, mahaɗai su saki, gado ya fara kuka duk lokacin da yaro ya juya. Farin katako yana da araha da sauƙin aiki, amma gara tana son sa, kuma ƙusa ba ta daɗewa da ƙarfi a jikinsa. Jan katako busasshe yana da kyau ƙwarai, sai dai tsada da nauyi. Abin da zan hana ki kai tsaye shi ne kayan nan na kanti masu sheƙi da aka yi da matsattsen garin katako aka lulluɓe da farin bawo. Ruwan goge ɗaki kawai yana kumbura ƙafafunsu, kuma idan aka kwance su sau ɗaya ramukan ƙusoshinsu ba sa sake riƙewa.

Idan ƙarfe za a yi, bututu mai kusurwa huɗu na milimita 40 ya dace da ƙafafu da gefuna, kaurin jikinsa kuma ya kai milimita 1 da rabi. Akwai mai sirara kamar gwangwani wanda ba a gane shi idan an shafa fenti, saboda haka ki ce a nuna miki guntun da aka yanke kafin a fara. A goge duk inda aka yi walda har hannu ya wuce bai ji kaifi ba, a shafa fentin hana tsatsa kafin na ado, a toshe bakin kowane bututu da roba. Bututun da aka bari a buɗe yana yanka ƙafa, yana kuma zama gidan ƙwari. Bayan fenti a bar gadon a tsakar gida kwana uku ko huɗu, warin ya fita, kafin yara su kwana a kai.

Tufafi, littattafai da wurin rubutu

Tunda aljihu ya cinye ƙarƙashin gado, ajiya sai ta hau bango. Gadon ya ci santimita 198 daga bango mai tsawon 300, saura kusan mita ɗaya a wajen ƙafa. A nan za a sa kabad siriri, faɗi santimita 80 ko 90, zurfi 40, tsayi har kusa da silin. Kayan yara ninkewa ake yi, ba su buƙatar zurfin 60 irin na kabad ɗin manya da ake rataye manyan riguna. Maimakon ƙofofi a sa labule, domin ƙofar kabad tana neman filin buɗewa, kuma ita ce take fara lalacewa a hannun yara. Labule yana tare ƙurar hunturu daidai gwargwado, ana kuma wanke shi. Hawa biyu na ƙasa na ƙaramin, biyu na tsakiya na babban, na can sama na barguna da kayan sanyi da ba a taɓawa sai Disamba. Kowane yaro ya iya kai hannu ga kayansa ba tare da ya taka wani abu ba.

Wannan kabad, ko kowane dogon abu da za a tsayar a ɗakin yara, dole a ɗaure shi da bango ta sama. A 2016 IKEA, wani kamfanin kayan ɗaki, ya janye kabad da durowa kusan miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara ƙanana har wasu sun rasu, kuma abin da ya faru shi ne abin da kowane yaro yake yi: ya taka hawan ƙasa don ya ɗauko abin da yake sama. Ƙarfe biyu masu lanƙwasa da ƙusoshin murɗawa huɗu sun isa. Idan bangon na bulo ne, a huda a sa robar da take riƙe ƙusa. Idan na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, ƙusa ba za ta riƙe nauyi ba, gara a yi kabad ɗin gajere mai faɗin gindi, ko a ɗaure shi da firam ɗin gadon.

Teburin karatu kuwa, ban ga dalilin tsayar da mai ƙafa huɗu ba. Faifan filawud mai kaurin milimita 15, faɗi 70, zurfi 40, a maƙala shi a bango kusa da taga yadda za a ɗaga shi a tokare lokacin rubutu a sauke shi idan an gama. Ga ɗan shekara 8 tsayin santimita 58 zuwa 60 daga ƙasa ya yi, da ɗan kujera marar jingina da za a tura kusurwa. A bayan ƙofa a kafa marataya a tsayin kafaɗar yaran domin jakar lakwal da allo da hula. Kada dai a sa komai a gaban tagar nan guda, ita ce numfashin ɗakin.

Idan maigida ya tsaya a kan hawa biyu

Zai iya yiwuwa nan da shekara biyu ko uku, idan ƙaramin ya wuce 6, musamman idan kun koma ɗaki mai dogon silin ko Allah Ya ƙaro wani yaron. A lokacin, ga abin da ba a sassautawa. Shinge ya zagaye hawan sama ta kowane gefe, har gefen bango, ya ɗara saman katifa da aƙalla santimita 16, wanda yake nufin ba za a canza katifar da mai kauri daga baya ba. Tazarar da take tsakanin sandunan shinge kada ta wuce santimita 7. Wannan na koye shi ne da kuskurena: a farkon aikina na bar tazarar da ta kai faɗin tafin hannu da rabi don in rage katako, wani yaro ya zura ƙafafunsa cikin barci, jikinsa ya bi, kansa ya maƙale, Allah Ya sa uwar tana kusa ta ji motsinsa. Tun ranar nake yawo da ɗan guntun katako mai santimita 7 a aljihu, duk tazarar da ya shige da sauƙi sai na sake ta. Tsani ya zama a kafe yake da gadon, tsakanin katifar ƙasa da gindin na sama a bar aƙalla santimita 75, kuma kada a ɗaura igiya ko zane a jikin hawan sama.

Duk wannan lissafi na yi shi ne a kan awon da kika ba ni, kuma inda ƙofa da taga suke zai iya sauya bangon da gadon zai jingina. Saboda haka kafin a yanka ko da sanda ɗaya, ki sa mai aikin ya zo da mitarsa ya auna da kansa, har da faɗin ƙofar da kayan za su shiga. Ke kuma ki samu alli ki zana gadon da aljihunsa a buɗe da kabad ɗin a kan daɓe, ki buɗe ƙofa ki rufe, ki sa yaran su kwanta a cikin zanen, ki kira maigida ya tsaya a ƙarƙashin fanka ya ɗaga hannu ya ga inda fiffikenta yake kaiwa.